Bargon Sadaka a Jos: Sunan Wa Za a Ɗinka a Gefensa?

Duk wanda ya taɓa kwana a birnin Jos tsakanin watan Disamba da na Janairu ba ya bukatar a tsaya yi masa dogon bayani a kan abin da ake kira sanyi. Garin yana bisa tsauni ne, tudunsa ya kai wajen ƙafa 4,000 daga gaɓar teku, watau kimanin mita 1,200, kuma idan hunturu ya kankama akwai dararen da ma'aunin zafi yake sauka ƙasa da digiri 10. A Kano ko Sakkwato mutum yana iya lallaɓawa da mayafi guda har gari ya waye, amma a Jos bargo abin tilas ne kamar tuwon dare, musamman ga jariri da tsoho da majiyyaci.

Wannan sanyi shi ya sa saƙa ta zama sana'ar mata da yawa a garin. Ana saƙa rigunan sanyi da huluna da safa da shawul na jarirai, wasu don sayarwa, wasu don 'ya'ya da jikoki, wasu kuwa saboda Allah kawai, a kai wa marayu ko masu jego marasa hali ko waɗanda wata masifa ta raba da gidajensu. A kan wannan kashi na ƙarshe muke so mu yi magana a wannan mako, kuma abin da za mu duba shi ne wani ɗan ƙyalle da bai wuce faɗin yatsu uku ba, wanda ake ɗinkawa a kusurwar bargo a yi rubutu a kansa. Bari mu kira shi lamba. Mai karatu yana iya cewa ai wannan ƙaramin abu ne. Ƙarami ne kam, amma tambayoyi biyu suna rataye da shi: a ina za a samo lambar da za ta jure wanki, kuma sunan wa ya kamata ta ɗauka? Ta biyun ta fi ta farkon nauyi.

Sanyin Jos ba na yau ba ne

Tarihin wannan tsauni cike yake da labarin mutanen da suka kwana babu abin rufa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kame ƙasar Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzar da take dogara da ita, sai ta juyo da idonta kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a ramukan kuza, abin da jama'a suka sa wa suna "ɗiban gwamna". Akasarinsu daga ƙasa mai zafi suka fito, ba su da suturar da za ta tare musu iskar tsauni, ga ƙarancin abinci, ga cunkoso a bariki. Da yawa daga cikinsu ba su koma gida ba, musamman waɗanda aka tura aikin madatsar ruwa ta Tenti.

A zamanin nan namu ma labarin bai sake ba. Rikicin watan Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, kowannensu ya kori dubban mutane, Musulmi da Kirista, suka fake a barikokin soja da na 'yan sanda da makarantu da masallatai da majami'u, kuma biyu na ƙarshen a cikin hunturu suka auku. A watan Yuli 2012 ambaliya ta share gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutane fiye da 30 suka rasu. A jajibirin Kirsimeti na 2023 aka kai hare-hare a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, waɗanda suka tsira suka baro gidajensu da kayan jikinsu kaɗai. A duk irin wannan hali, in an sami abinci da magani, abin da ake fara nema shi ne tabarma da bargo.

Ko da babu wata fitina, akwai jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa zafin jikin sabon haihuwa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, in ya sauka ƙasa da haka an fara shiga haɗari, bakwaini kuwa ya fi kowa saurin hucewa. Uwar da ta haihu da asubahin watan Janairu ba ta da ko shawul, ita ce ta san darajar abin da wata baiwar Allah ta zauna ta saƙa.

Bargon hannu

Kakanninmu ba su jira kanti ba. Suna da gwado da luru, waɗanda masaƙa suke yi da zaren auduga sirara-sirara, a haɗa su da allura su zama mayafi mai kauri. Daga baya masaƙun zamani suka zo, babbar masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo bayanta, kafin akasarinsu su durƙushe a farkon wannan ƙarni. Yau bargon talaka a Jos ko dai na gwanjo ne daga irin su Kasuwar Katako, ko kuwa wanda aka shigo da shi daga ƙasar Sin.

To, don me mace za ta shafe makonni tana saƙa abin da ake iya saye a kasuwa? Dalili na farko shi ne, akwai matan da ba su da kuɗin bayarwa amma suna da hannu da ɗan lokaci bayan sallar isha'i ko bayan an kwantar da yara. Ragowar zaren da ya saura daga rigunan sanyi, da ƙyallayen da tela yake sharewa daga ƙarƙashin kekensa, in an tara an haɗa an sa musu shafi, sai su zama abin rufa. Wata da kwarashi take yi, wata da kibiya, wata da keken saƙa. Na biyu, bargon hannu sabo ne, babu wanda ya taɓa kwana a cikinsa, kuma ana yin sa daidai jikin wanda za a ba. Wahalar da aka sha wajen yin sa ita ce take sa mai shi ta damu ƙwarai da ya isa hannun da aka nufa. Daga nan maganar lamba ta taso.

Amfanin lamba

Amfaninta na farko shi ne tsare amana. Babu wanda bai taɓa ganin gidan sauron da aka raba kyauta, ko abincin gina jiki na yara masu tamowa, an baza shi a kasuwa ana ciniki ba. Mutanen Jos ba su manta da watan Oktoba 2020 ba, sa'ad da jama'a suka fasa wani rumbun ajiyar kayan tallafin korona a Bukuru, kuma rubutun da ke jikin buhuna da kwalaye yana cikin abin da ya shaida wa kowa cewa kayan rabo ne. Lamba ba ta ɗaure hannun ɓarawo, amma tana sa mai sayarwa ya ɓoye, mai saye kuma ya ji kunya. Ƙungiyar da ta raba barguna hamsin masu lamba tana iya komawa bayan wata guda ta ga ko suna nan.

Na biyu shi ne hana rikicewa. A ɗakin masu jego, ko gidan marayu, ko tsangayar almajirai, ko sansanin 'yan gudun hijira, a igiya ɗaya ko danga ɗaya ake shanya. Barguna masu kama da juna sukan haddasa cacar baki tsakanin mutanen da dama zuciyarsu a kusa take. Bayan wannan akwai maganar lafiya, domin ƙazuwa da makero suna bin shimfiɗa da abin rufa daga wannan yaro zuwa wancan. Idan kowane yaro ya san nasa, an rage hanyar cuta.

Na uku shi ne koya wa mai bargo yadda zai kula da shi. Zaren da ake kira ulu a kasuwanninmu yawancinsa ba gashin tumaki ba ne, a masana'anta ake yin sa daga sinadaran man fetur. Irin wannan zare yana narkewa in an ɗora masa dutsen guga mai zafi, in kuma ya kama wuta yana manne wa fata. A garin da ake shiga ɗaki da kaskon gawayi don jin ɗumi, wannan ba abin wasa ba ne. Ulu na ainihi kuwa yana ƙanƙancewa in an wanke shi da ruwan zafi. Wadda ta saƙa ta san wane iri ta yi amfani da shi, wadda aka ba ba ta sani ba, lamba ce kaɗai za ta isar da saƙon.

Sadaka da gori

Duk da wannan amfani, akwai masu ɗari-ɗari da lamba, kuma suna da hujja mai ƙarfi. Alƙur'ani mai girma a Suratul Baƙara ya yarda a bayyana sadaka, amma ya nuna cewa ɓoye ta ya fi alheri, kuma malamai ba su gajiya da jan kunne a kan riya. Linjilar Matiyu ma, a sura ta 6, ta gargaɗi mai bayarwa da kada ya yi don a gani a yaba masa. A nan masallaci da majami'a bakinsu ɗaya. Bahaushe kuma yana da kalma guda wadda ta tattara abin da ake tsoro, watau gori. Idan mace ta ɗinka cikakken sunanta a bargon da ta ba maƙwabciyarta, to kullum dare maƙwabciyar za ta kwanta tana kallon sunan wadda ta rufa mata asiri, baƙin da suka zo barka ma za su karanta. Wannan gori ne ko da mai shi ba ta buɗe baki ba.

Mun kuma ga yadda 'yan siyasa suke manna hotunansu a buhun shinkafa da bokiti da atamfa. Yaron da aka naɗe cikin bargo mai ɗauke da fuskar ɗan takara an mai da shi allon talla ne ba da saninsa ba.

A Jos akwai wani ƙarin dalili na yin hattara. Tun daga 2001 unguwanni da yawa sun rabu bisa addini, kuma wanda masifa ta kora ba shi da zaɓin inda zai fake. Bargon da ke ɗauke da babbar alamar addini ko ta jam'iyya yana iya hana wani mabukaci karɓa, yana kuma iya tona wanda ya yafa shi a inda ba ya so a san ko shi wane ne. Har ila yau, bai dace a rubuta aya ko sunan Allah a jikin abin da jariri zai yi wa fitsari, a ja shi a ƙasa, a cuɗa shi cikin ruwan wanki ba. Addu'a a baki ake yin ta yayin da ake miƙa kyautar.

To, sunan wa ke nan? A ganinmu wanda ya fi kowa cancanta sunansa ya hau bargo shi ne wanda aka ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Yaron da ya tashi a gidan marayu, komai nasa na tarayya ne, daga kwano har tabarma, ranar da aka ba shi abu mai ɗauke da sunansa an ba shi abin da ya fi ɗumi. Bayan sunansa sai na ƙungiyar da ta raba, da ƙananan baƙaƙe, don a san inda za a koma in an ga bargon a kasuwa. Ita kuwa mai saƙa, ya ishe ta ta sa wata 'yar alama, kamar ɗan ƙullin zare mai wani launi, wadda magatakardar ƙungiya kaɗai ya san ma'anarta a littafinsa. Da ma haka masu wanki da guga suke gane kayan kowane gida ba tare da sun rubuta sunan kowa ba.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ba mu kaɗai ne muka taɓa fuskantar wannan tambaya ba, kuma abin da ya faru a wasu wurare yana ƙarfafa wannan ra'ayi. A Yaƙin Duniya na Biyu matan ƙasar Kanada sun ɗinka barguna na haɗe-haɗen ƙyallaye har dubu ɗaruruwa, aka aika wa iyalan Ingila waɗanda bama-bamai suka rushe wa gidaje. Galibinsu ba su ɗauke da sunan wadda ta ɗinka. Abin da ke jikinsu 'yar lamba ce mai cewa kyauta ce daga Ƙungiyar Red Cross ta Kanada, wani lokaci da sunan garin da suka fito. Da wannan 'yar lamba ce masu bincike suke gane waɗanda suka saura har yau.

A wannan yaƙi kuma aka yi akasin haka, bisa dalili. Bayan sojojin Japan sun ci Singafo a watan Fabrairu 1942, sun tsare matan Turawa a kurkukun Changi, an raba su da mazajensu, babu wasiƙa babu saƙo. Wata 'yar Kanada mai suna Ethel Mulvany ta kawo shawara a ɗinka barguna don sojojin da suka ji rauni. Kowace mace aka ba ta ƙyalle mai faɗin inci 6, ta yi masa ado ta ɗinka sunanta, aka haɗa ƙyallaye 66 a kowane bargo. Da bargunan suka isa asibitin fursunoni, maza suka riƙa duba sunaye, ta haka wasu suka san matansu suna da rai. Biyu daga cikin bargunan nan suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Canberra a Ostareliya. A nan sunan mai ɗinki ya hau bargo ne domin shi ne abin da mai karɓa yake bukata.

A Amurka akwai ƙungiyar Project Linus, wadda wata mata mai suna Karen Loucks ta fara a 1995 a yankin Denver, tana kai bargunan hannu ga yara masu ciwon daji. Ta raba miliyoyin barguna tun daga lokacin, kuma lambar ƙungiya ake ɗinka wa kowanne kafin a miƙa shi. A Afirka ta Kudu kuwa, shirin Knit-a-Square da aka fara a 2008 yana karɓar saƙaƙƙun ƙyallaye masu faɗin inci 8 daga ƙasashe daban-daban, a haɗa 35 su zama bargon yaro ɗaya. Bargon da hannu talatin da biyar suka saƙa, sunan wa za a zaɓa a bar na wa?

Inda za a samu a Titin Bauchi

Yanzu sai tambaya ta farko, watau inda za a samo lambar. Ba sai an je nesa ba. Titin Bauchi ya taso daga tsakiyar gari, ya bi ta gaban babbar tashar mota da harabar Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan ta kuma tsaya da ƙafafunta a 1975, sa'an nan hanyar ta fita ta Naraguta ta miƙe zuwa Tilden Fulani har Bauchi, tafiyar wajen kilomita 130. Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairu 2002 'yan kasuwa suka bazu a titunan da ke kewaye, ga kuma ɗaliban jami'a da kullum suke neman a buga musu takardu da riguna. Saboda haka a wannan yanki ana samun teloli da masu surfani da masu buga takardu da masu sassaƙa hatimi. Hanyoyi huɗu ne a gaban mai nema.

Ta farko, wadda ta fi sauƙi, ita ce hatimi. A sayi farin yadin auduga, kamar akoko ko alawayyo, a wanke shi tukuna don ya saki sitacinsa, a yanka ƙanana, a sa mai hatimi ya sassaƙa kalmomin a roba. Abin lura a nan shi ne tawada, domin wadda ake amfani da ita a ofis ruwa yana wanke ta. Sai a nemi tawadar yadi, in an buga ta bushe a goge ƙyallen da dutsen guga mai zafi don ta kama, kafin a ɗinka shi a bargo. Wannan ta dace da mai barguna goma ko ashirin.

Ta biyu ita ce ta masu buga rubutu a riguna, waɗanda suke shimfiɗa yadi su ɗora katako mai lallausar raga su ja fenti a kai. Yadi guda yana ɗaukar lambobi masu yawa, sai a yanka a kalmashe bakin kowace. Yawancin kuɗin aikin a wajen shirya ragar yake, saboda haka gwargwadon yawan abin da aka buga gwargwadon arharsa, kuma ƙungiyoyi biyu ko uku suna iya haɗa kai su yi oda ɗaya. Amma a guji irin rubutun da ake mannawa da zafi, domin yana tsagewa ya ɓare bayan 'yan wanke-wanke, kuma ko kusa kada a yarda a manna shi kai tsaye a jikin bargon zaren roba.

Ta uku ita ce surfani, ko da keken tela ko da injin da kwamfuta take sarrafawa. Wannan ta fi duka daɗewa, tun da zare ne ba fenti ba. Sai dai ƙananan baƙaƙe sukan cakuɗe, saboda haka kada tsawon harafi ya gaza rabin santimita, kuma a rufe bayan aikin da lallausan ƙyalle don kada ya karci fatar jariri. Mace mai haƙuri ma tana iya yin nata da allura da zare ba ta biya kowa ba. Garin da ake ɗinka hular zanna da hannu ba zai rasa mai iya ɗinka harufa goma ba. Wani amfanin surfani shi ne ana iya yin sa a jikin bargon kansa in na ƙyalle ne, yadda mai son cire shi sai ya ɓata bargon.

Ta huɗu ita ce saƙaƙƙiyar lamba, irin wadda ake gani a wuyan rigar kanti. Asalinta daga masaƙar da Joseph Marie Jacquard ya ƙera a Faransa a 1804, kuma kamfanin Cash's na garin Coventry a Ingila ya yi suna tun ƙarni na 19 wajen saƙa sunayen 'yan makarantar kwana a siraran ƙyallaye. Irin wannan sai an yi odarta daga manyan garuruwan masana'antu kamar Legas da Aba, ko daga ƙasar waje, kuma masu yi ba su cika karɓar ƙaramin aiki ba. Ta dace da babbar ƙungiya mai rabo kowace shekara. Akwai kuma dukawan Naraguta da suka shahara a aikin fata, suna iya buga tambari mai kyau, amma fata tana ƙandarewa in ta sha wanki, gara a bar ta ga jaka da takalmi.

Kowace hanya aka zaɓa, kada a biya kuɗin aiki duka sai an karɓi samfur guda, an wanke shi da sabulu sau uku, an shanya a rana an ga bai zuba ba bai koɗe ba. A kuma duba rubutun da kyau, domin ba kowace kwamfuta ce take da harufa masu lanƙwasa ba, kuma akwai bambanci tsakanin saƙa da saka, kamar yadda yake tsakanin ɗa da da.

Abin da za a rubuta

Lamba ba jarida ba ce, layi huɗu sun isa. Alal misali:

Wannan bargon na ................ ne.
Kyauta ne, ba na sayarwa ba.
A wanke da ruwan sanyi.
Kada a goge, kada a kai kusa da wuta.

A ƙasa sai sunan ƙungiya da shekara. Gurbin da aka bari a layin farko ranar rabo ake cika shi da alƙalamin da tawadarsa ba ta fita, a gaban mai shi, da sunan da shi ko uwarsa suka faɗa. Hausa ce ta fi dacewa, domin a Filato ita ce harshen da Birom da Anaguta da Jarawa da Angas da Fulani da Hausawa suke haɗuwa a kai, a kasuwa da wurin ibada. In bargon na tsangaya ne ko na tsofaffi, a ƙara da ajami. Saboda waɗanda ba su yi karatu ba kuma, ana iya sa alamomin wanki da aka tsara a Turai tun 1963, waɗanda ake gani a jikin tufafin kanti: hoton baho yana nufin wanki, hoton dutsen guga da aka soke da gicciye yana nufin kada a goge.

Akwai kalmomin da bai kamata su hau lamba ba ko kaɗan, irin su "maraya" da "ɗan gudun hijira" da sunan wata cuta. A asibitin Jankwano, alal misali, akwai sashen da ake yi wa mata masu yoyon fitsari aiki, suna zuwa daga jihohi masu nisa. Wanda ya kai musu barguna ya yi abin kirki, amma in ya rubuta sunan ciwon a jiki, to matar za ta koma garinsu da abin da zai riƙa ba da labarinta. Haka nan kada a rubuta adireshin yaro ko lambar wayar iyayensa.

Wajen ɗinki, a sa lambar a kusurwa ta ciki, a kalmashe bakinta, a ɗinke gefe huɗu duka ƙam yadda ɗan yatsan jariri ba zai shige ba. Ban da fil, ban da maɓalli, ban da duwatsun ado, domin duk abin da zai iya cirewa yana iya ƙarewa a bakin yaro.

Kira ga jama'a

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin mata na masallatai da zumuntar mata ta majami'u da 'yan agaji da suke da niyyar rabon barguna, ya kamata su fara tara zare da shirya lambobinsu tun damina ba ta ɗauke ba, don kada sanyin Disamba ya same su suna neman mai hatimi. Teloli su daina zubar da ƙyallayensu a bola, masu buga riguna da masu surfani na Titin Bauchi kuma su sassauta farashi in sun ga aikin na taimako ne, su ma su sami rabonsu na lada. Masu hali da ba su iya saƙa ba suna iya sayen zare su ba waɗanda suka iya, ba tare da sun ce sai an sa sunansu ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma Wanda ake yi dominSa ba Ya bukatar lamba kafin Ya san hannun da ya saƙa. Allah Ya saka wa masu wannan aiki da alheri, Ya ba Jihar Filato da ƙasarmu baki ɗaya zaman lafiya, amin.